Amsa ga ɗan'uwan da aka yi wa ƙwacen waya, tsoro ya hana shi fita

Salam alaikum ƙanina, na ga tambayarka tun jiya da daddare, kace wata biyu kenan da wasu yara suka ɗora maka wuƙa a cikin adaidaita suka karɓe wayarka, tun daga ranar da magariba tayi baka iya fita, in ka ji babur a bayanka gabanka ya yanke ya faɗi, gumi ya karyo maka, wai a gida wasu na cewa raunin imani ne wasu na cewa iska ce ta shafe ka. Allah ya mayar maka da alheri. Na ga masu ce maka kai namiji ne ka daure, to ni ba haka zan ce ba, don na ɗanɗana.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda nake sayarwa, ba likita bane ni. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 ina babban masallacin cikin garin Kano lokacin da aka tayar da bama-bamai aka buɗe wa mutane wuta, mutum sama da 100 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ni a sahun waje nake don na makara. Wallahi har yau ban san yadda akai na tashi daga kan darduma ba, kawai ganina nayi a wajen Shahuci ina haki, ba takalmi ba hula, sai da na isa gida maiɗakina ta ƙwalla ƙara tana nuna ƙafata, ashe kwalba ta tsarge min tafin ƙafa jini duk ya bushe da ƙura, ni kuwa ko ɗigon zafi banji ba duk gudun nan. Sai da aka fara wankewa da ruwan gishiri sannan na san an ji min ciwo.

Abin da ya biyo baya shi ne naka sak. Kusan wata bakwai ban koma Juma'a a can ba, daga baya ma kowane masallaci in ya cika sai in ji numfashina na sarƙewa. Wata rana a shago ina auna wa wata hajiya yadi, salansar wani babur tayi ƙara a bakin layi, ban ankara ba na ganni a ƙarƙashin kanta, almakashi a hannuna, yaran shago na ta ƙunshe dariya, ita kuma hajiyar ta ce sannu Alhaji, Allah ya yaye. Kunyar ranar nan tafi min ciwon ƙafar zafi. An min ruƙiyya, an bani rubutu na sha, kuma ban raina ba, addu'a ta kwantar min da hankali sosai, amma faɗuwar gaban tana nan.

Wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu likita ne, shi ya zaunar dani ya min bayanin da ya warware min abin. Yace a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira amigdala, guda biyu ne dama da hagu, kowanne bai wuce girman gyaɗa ba, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari baya jiran ka yi tunani, tuni ya aika saƙo, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su sako sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya tafi cinyoyi da damatsa, narkar da abinci ya tsaya, yawu ya ƙafe, zafin ciwo ma ya dushe. Kaga ashe abin da muke cewa cikina ya ɗuri ruwa, hantar cikina ta kaɗa, ba salon magana bane kawai, abu ne da ke faruwa a jiki da gaske. Shi ya ɗauke ni daga masallaci ya kai ni Shahuci kan tsagaggiyar ƙafa, da babu shi da ina zaune ina lissafin me ya fashe.

Ya bani labarin wata mata a Amurka da wata cuta ta lalata mata amigdalar duka biyun, masu bincike a Jami'ar Iowa suka daɗe suna nazarinta. Bata jin tsoron maciji, ɗauka take tana shafawa, akwai daren da wani ya ɗora mata wuƙa a maƙogwaro, washegari ta sake bin hanyar nan hankalinta kwance. In ka ji sai kace ina ma nine, amma matar nan ta sha faɗawa haɗari iri-iri saboda ba abin da ke ja mata birki. To kaga kai maigadinka lafiyarsa ƙalau, matsalar kawai tun ranar da ya ga wuƙa ya ƙi komawa ya zauna, kowa ya gifta ihu yake ɓarawo.

Kuma shi maigadin nan bashi da tantancewa. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1920 wani Ba'amurke John Watson ya gwada haka kan wani jariri, duk sanda yaron ya miƙa hannu ga farin ɓera sai a buga ƙarfe da guduma a bayansa, kafin wani lokaci ganin ɓeran kawai ke sa shi kuka, daga nan har zomo da rigar gashi. Rashin tausayi ne ƙarara, yanzu ba mai barinka ka yi wa ɗan mutane haka, amma dai ya nuna yadda tsoro ke naso. Kai wuƙa ce ta tsorata ka, amma ƙwaƙwalwarka ta haɗa da duhun magariba da ƙarar babur da kujerar adaidaita ta ɗaure su ƙulli ɗaya. Nan ne ma nake jin haushin yadda muke wa yara, ga dodo nan, zan kira mai allura, sannan yaro ya girma a kai shi asibiti ya tara mana jama'a mu hau shi da faɗa.

Masu cewa raunin imani kuwa, ina ganin girmansu amma sun yi gaggawa. Annabi Musa alaihissalam da sandarsa ta zama maciji juyawa yayi da gudu ko waige babu, sai da Allah yace masa kada ka ji tsoro, kuma da zai bar Masar yana cikin tsoro ya fita, duk yana cikin Alƙur'ani. Wa ya isa ya auna imaninsa da na Annabi Musa? Ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma, sannan ka nemi magani, babu wanda ya kore wani.

Yanzu abin da ya fitar dani. Abokin nan yace duk ranar da na ƙi zuwa na ji sauƙi, to na ƙara koya wa ƙwaƙwalwata cewa ƙin zuwan ne ya cece ni, gobe tsoron ya ƙara ƙiba. Sai muka fara da kaɗan kaɗan. Ranar Talata da hantsi ba kowa, muka je muka tsaya daga nesa wajen Ƙofar Kudu, ƙafafuna na rawa, yace kar ka gudu tsaya ka duba agogo. Wallahi abin ya taso kamar raina zai fita, amma wajen minti 10 ya kai ƙarshensa ya fara sauka da kansa, dama yace haka firgicin nan yake, baya iya zama a sama. Ya koya min in ja numfashi ta hanci a hankali in fitar ta baki ya fi wanda na ja tsawo. Sati na gaba muka shiga haraba, na gaba nayi azahar a ciki, sai da muka yi wajen wata biyu kafin in tsaya Juma'a, ita ma a gefen sahu kusa da ƙofa.

Kai ma haka zaka yi, ka samu yayanka ko aboki ku fara da zaman ƙofar gida bayan magariba, sai masallacin unguwa da isha'i, sai adaidaita da rana tafiya gajera, a hankali har dare. Amma ban ce ka je ka bi lungu ƙarfe 11 kana latsa waya don ka gwada jarumta ba, ƙwacen waya a garin nan gaskiya ne, wannan ɓangaren na tsoron ka barshi yana nan abinsa. Ka rage kallon bidiyon sara da suka da ake turowa a WhatsApp, ka rage lemon ƙarin kuzari da kofi don suna ƙara bugun zuciya, kuma dan Allah kar wani a majalisa ya baka ƙwaya ko sirof yace zai cire maka tsoro, na san yara biyu a layinmu da ta nan suka shiga.

Tunda kace ya kai wata biyu, in har da mugun mafarki da rashin barci, ka je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kar sunan ya baka tsoro don ba sai mutum ya tuɓe riga ake zuwa ba. Ka ce su duba maka hawan jini da zuciya ma, in aka ce lafiya ƙalau rabin fargabar ta tafi. Ni har yau in aka buga nokawut lokacin biki sai na ɗan zabura, yaran shago sun saba sun daina dariya. In ka gwada zaman ƙofar gidan na sati ɗaya ka dawo ka faɗa mana minti nawa ya ɗauka kafin ya sauka.