Tambaya da Amsa: Wannan Tudun Ƙasar Shi Ne Badala?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce, kullum ina bin titin BUK a adaidaita sahu. Akwai wani dogon tudun jar ƙasa a gefen hanya, awaki na hawa, an jibge masa shara. Kakata ta ce ai badala ce. Da gaske wannan ce ganuwar da ake koya mana a makaranta? Ni da ƙawayena muna so mu zagaya ta. Daga ina za mu fara?
Daga wata mai karatu a Gwale, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kakarki ta faɗi gaskiya, ita ce. Kuma wasiƙarki ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don a gindin wannan badalar na tashi, wajen Ƙofar Na'isa.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa, musamman Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Dala da Goron Dutse suna ciki, da gonaki masu yawa, domin ko maƙiya sun yi wa gari ƙawanya a samu abin sawa a baka. Da Turawa suka zo a Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, rahoton Gwamna Lugga ya ce tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuwa ƙafa 40. Ki riƙe wannan lissafin a ranki duk ranar da kika sake ganin akuya ta haye ta ba ko haki.

Mutane kan ce ruwan sama ne ya cinye ta. Ni ban yarda ba. Ruwan ai yana sauka tun zamanin Gijimasu. Ginin ƙasa kamar jikin mutum yake, sai da kulawa. Idan damina ta wuce, a da ana fitowa aikin gayya, a kwaɓa ƙasa, a toshe inda ya tsage, a yi sabon yaɓe. Da yaƙi ya ƙare, ganuwa ta daina tsare kowa, gayyar ta mutu. Sai muka juyo kanta da hannunmu. Da idona, ina yaro, na sha ganin masu jakai da sassafe suna saran gindinta da diga, su cika mangala, su kai wa masu gini a cikin gari. Babu mai ce musu kanzil. Daga baya aka shiga yanka filaye a jikinta, kududdufan da aka haƙo ƙasarta daga cikinsu aka cike su da shara aka dasa shaguna. Tun 1959 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa, amma takarda ba ta hana diga aiki.

Yanzu ga shawarata. Kada ku fara da badalar, ku fara da Gidan Makama, kusa da gidan Sarki. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari a ajiye a can. Ku tsaya ku dubi kaurinsu da irin ƙarfen da maƙeran Kano suka dafe su da shi. In kun ga ƙyauren, za ku iya ƙiyasta bangon da ya riƙe shi.

Daga nan ku fito ta Ƙofar Na'isa ku bi titin da kika sani, ku nufi Kabuga da ƙafa, ta Gadon Ƙaya da Dukawuya. Ƙofofin da za ku gani yawancinsu sabon gini ne, an rushe na asali don faɗaɗa titi. Ita kanta Na'isa a 2010 aka rushe ta, kuma ranar na kasa cin abinci. Abin kallo na gaske yana tsakanin ƙofa da ƙofa. Ku nemi inda ruwa ya zaizaye bangon ya buɗe cikinsa. Za ku ga tubala a jere, masu faɗin gindi da tsinin kai, waɗanda aka mulmula da hannu. Ina ɗan shekara goma na taɓa tsintar guda da ya faɗo, da shatin yatsu huɗu a jikinsa. Na sa nawa yatsun a ciki, shatin ya yi musu yawa. Har yau in na rufe ido ina ganin wannan shatin, ina tunanin bawan Allahn da ya durƙusa ya mulmula shi.

Ku tafi da safe kafin rana ta take, ku sa takalmi mai rufi saboda kwalabe da ƙaya, kuma ku samu wani yayanku ya raka ku. Kada ku hau, ƙasar ta yi rauni, tana iya zabtarewa da ku, kuma kowane taku yana rage ta. Kada a ɗauko komai a kawo gida.

Abu mafi muhimmanci, ku gaisa da mutane. Ƙofofin Kano suna da Sarkin Ƙofa, sarauta ce ta gado daga waɗanda a da suke rufe ƙofa da dare su buɗe da safe. Ku tambayi dattawan da ke zaune a inuwar ƙofa, za su nuna muku gidan. Ku durƙusa ku yi gaisuwa, ku nemi izini kafin ku kunna rikodar waya, ku rubuta ranar da wurin.

Kafin duk wannan, ki zauna da kakarki yau da daddare. Ki tambaye ta ta wace ƙofa aka shigo da ita ranar da aka kai ta ɗakin miji, kuma ina badala ta kai a tsayi a lokacin. Abin da ta gaya miki ki aiko mini, zan buga shi a wannan shafin in Allah Ya yarda.