Murafan PP na lanƙwashewa: kafin ka canza roba, duba mazubinka

Tambaya: Ina da injin da ke yin robobin ajiya da murafansu da polifurofilin, wato PP. Na rage lokacin sanyaya kaya don in ƙara abin da nake fitarwa a rana. Yanzu dillalai na dawo min da kaya, wai murafan sun lanƙwashe, ba sa rufuwa. In canza mai kawo min roba ne?

Amsa: Malam, kada ka ɗora masa laifi tukuna. A ganina matsalar tana cikin daƙiƙun da ka rage.

PP tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 170 na Salshiyos, akan kuma harba ta cikin mazubi a kan 200 zuwa 260. Yayin da take hucewa, dogayen zaruruwanta suna jeruwa su matse, su zama kiristal, shi ya sa kaya ke tsukewa da kashi 1 zuwa 2.5 cikin ɗari. Mazubi mai ɗumi yana ba kiristal damar girma: kaya su yi tauri, su dushe, su ƙara tsukewa. Mai sanyi yana ba da ƙanana, kaya su fi haske da jure bugu. Amma idan ka fitar da murfi fatarsa ta daskare alhali cikinsa na da zafi, a waje zai ƙarasa wannan jeruwar, babu abin da ke riƙe shi. A nan yake karkacewa, kuma tsukewar kan ci gaba har awa 24 zuwa 48, bayan ka riga ka ɗaure kaya.

Fara da mayar da lokacin yadda yake a da. Sai ka auna zafin fuskokin mazubin biyu, ka riƙe su tsakanin digiri 20 da 60, kuma su yi kusan daidai. Wannan ne abin da na fi damuwa da shi, domin gefen da ya fi zafi ya fi tsukewa, murfi kuma can yake lanƙwasawa. Sau da yawa datti ne ya toshe hanyar ruwan da ke sanyaya mazubi a gefe guda. Ka duba matsin riƙewa ma, wato matsin da inji ke ci gaba da yi wa roba bayan mazubi ya cika, idan ya gaza za ka ga lotsawa a wurare masu kauri.

Idan sauri kake so, nemi PP mai sinadarin hanzarta kiristal, ko a rage kaurin bango, tunda ninka kauri sau biyu kan ninka lokacin sanyaya kusan sau huɗu. Duk canjin da ka yi, ware murafai 20, ka gwada su a kan robobinsu bayan kwana biyu, sannan ka kwatanta kuɗin ƙarin kayan da na waɗanda aka dawo da su.