Amsar Goggo kan Gizo da 'yar bora

'Yata, saƙonki ya iso, ina fata yara suna lafiya. Kin ce kin fara yi musu tatsuniya da dare, sai babban ya tambaye ki me ya sa Gizo maƙaryaci ne amma yakan sha, me ya sa kuma kullum 'yar bora ce ke dacewa. Har kina tunanin ko ki daina. Kada ki daina.

Dabbobin nan ba dabbobi ba ne, mutanen gari ne aka sa wa fata. Zaki sarki ne. Kura ita ce mai ƙarfi da kwaɗayi, ga tsoro, cikinta ke jan ta zuwa rami. Dila malamin daji. Shi kuwa Gizo talaka ne marar ƙarfi, ba shi da dukiya sai baki, bakin ma da tsami. Idan ya yi wa Zaki wayo, tsohuwar da ke ba da labarin ta faɗi abin da ba mai iya faɗa a ƙofar fada. Amma ki lura, sau nawa zarinsa ke kai shi ga shan duka, ya gudu ya maƙale a bango, Ƙoƙi na jin kunya? Wannan ɓangaren shi za ki ja wa yaro, kada ki yi sauri a kansa. Da kawunki ya je fataucin goro Kumasi ya dawo yana cewa Asante ma suna da nasu gizon, Ananse, halinsu ɗaya.

Maganar bora ta fi taɓa ni, domin a gidan mata uku na tashi. Kin san tatsuniyar. An aiki 'yar bora wanki a wani ruwa mai nisa, ta iske tsohuwa ta ce ta cuɗa mata baya. Ta cuɗa, ba ƙyama, ba tsaki. Aka ba ta ƙwai, ta bi umarnin da aka ba ta, ta fasa, dukiya ta fito. 'Yar mowa ta bi hanya ɗaya, ta yi wa tsohuwar rashin kunya, ta fasa nata, masifa ta fito. Hanya ɗaya, tsohuwa ɗaya, ƙwai iri ɗaya. Kakarmu takan yi wannan a tsakar gida bayan sallar isha, muna kan tabarma, kishiyoyi suna ɗakunansu suna ji. Ba ta taɓa kiran sunan kowa ba, amma washegari sai ki ga an ƙara wa wata yarinya tuwo. Ni na ga haka da idona.

Dodo kuma shi ne duk abin da ke bayan ganuwa: rijiya, kogi, baƙon da ba a san asalinsa ba. Shi ya sa budurwar da ta raina samarin garinsu take ƙarewa a gidansa.

Tun tsakanin 1911 da 1913 wani Bature, Frank Edgar, ya buga tatsuniyoyinmu har littafi uku, amma takarda ba ta iya tsamin bakin Gizo. Ke ki yi shi. Ki ce "ga ta nan, ga ta nanku", kada ki ci gaba sai sun amsa "ta zo mu ji ta". In kin zo da su hutun sallah, ni zan yi musu ta 'yar bora.