Amsa ga ƙanwarmu da barci ya ƙaurace mata

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri na turo saƙon murya, maganar ta fi ƙarfin rubutu. Ƙanwata da kika yi tambaya da safe, kin ce wata biyu ke nan barci ya ƙaurace miki, kai ya yi nauyi, an ce ki dinga shafa man gargajiya a ka, ko zai taimaka.

Yana taimakawa, wallahi. Amma ki ji ni da kyau, rabin aikin a hannu yake, ba a cikin kwalba ba. Ni a gaban kakata na tashi, Allah Ya jiƙanta. Ranar kitso takan narka man kaɗanya, ta ɗora kaina a cinyarta tana murza fatar kan a hankali, kafin ta gama tsefe gefe ɗaya na yi barci. Har yau in na ji ƙamshin man kaɗe sai jikina ya saki. Ɗumin nan da yatsun nan su ke kwance jijiyoyi.

Ga yadda nake yi. Man zaitun babban cokali 2, man habbatus sauda rabin cokalin shayi. In zaitun ya yi tsada, man riɗi ko na kwakwa ya wadatar. Kada ki ɗora a wuta, ki zuba a ɗan kofi ki tsoma cikin ruwan zafi har ya yi ɗumi-ɗumi. Ki tsaga gashin, ki ɗiga kaɗan, ki murza da tsokar yatsu, ban da farce. Ki faro daga goshi, ki gangaro gefen kunnuwa, sai ƙeya. To a ƙeyar nan nake so ki daɗe, daidai inda wuya ya haɗu da kai, don nan gajiyar yini take taruwa, musamman mu masu sunkuyo a kan keken ɗinki ko waya. Ki danna, ki saki, kina jan numfashi a hankali. Minti 10 ya isa. In maigida ko 'yarki za su yi miki, ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Kuma in kitson kanki ya ɗaure tamau, ki fara tsefe shi tukuna.

Sau biyu ko uku a sati, washegari ki wanke. Mai amosanin ka ta kiyaye, barin mai ya kwana biyu a fata yana ƙara shi.

Sannan don Allah ki guji haɗin da ba ki san abin da ke ciki ba. Na taɓa sayen wani a kasuwa, ashe an cika masa man kanumfari da na'a-na'a, fatar kaina ta yi ja tana raɗaɗi kwana uku. Kowane sabon mai, ki ɗan shafa a bayan kunne ki jira kwana ɗaya. Jarirai kuwa kada a kusanta musu man na'a-na'a ko kaɗan.

Zaitun dai mai albarka ne, ya zo a hadisin Tirmizi a ci shi a kuma shafa shi, habbatus sauda ma ta zo a Buhari. Amma in kin sha shayi mai kauri ko kin ci goro bayan magariba, kika kwanta da waya a fuska har ƙarfe 12, man ba zai iya da su ba. Ni bayan isha'i nake ajiye wayar, ina murza kan ina yin tasbihin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya koya wa Nana Faɗima: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Sau da yawa ba na kai ƙarshe.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wata biyun nan da nauyin kai. Ki daure ki je asibiti cikin satin nan a auna miki jini, hawan jini ba ya sallama. In kuma damuwa ce take cinki, ki kira ni ta gefe mu yi magana. Allah Ya ba ki lafiya, sai da safe.