Zaɓen Rigar Falmaran Don Farautar Tsuntsaye a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a jihar Minisota, kuma abokan aikina sun gayyace ni farautar fezant, wani tsuntsun daji mai kama da fakara amma mai doguwar wutsiya, a watan Oktoba. Na shiga shago na tarar da rigunan falmaran na mafarauta iri-iri: wata ta yadi ce gaba da baya, wata maɗauran kafaɗa ce da aljihuna kawai, wata kuma tana da ɗamara mai kauri a ƙugu. Wacce ta dace in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo kan ɗinki, a fara da launi, domin a jiharku wannan magana ce ta doka. Minisota ta wajabta wa mai farautar ƙananan namun daji ya sa aƙalla tufa ɗaya mai launin ruwan lemu mai haske, ko ruwan hoda mai haske, daga ƙugu zuwa sama. Maƙwabciyarku Ayowa ta ƙara da sharaɗin cewa launin ruwan lemun ya rufe aƙalla rabin tufar. Dalilin a fili yake: mafarautan fezant sukan jeru ne su ratsa doguwar ciyawa ko gefen gonar masara, tsuntsu ya tashi ba zato, kowa ya juya da bindiga cikin gaggawa. Hula ita kaɗai tana iya cika sharaɗin doka, amma shawarata ita ce ka sayi rigar da launin ya mamaye kafaɗu da bayanta, saboda wanda ke bayanka ya gan ka kafin ya ja kunama.

Daga nan sai ka lissafa nauyin da za ka ɗauka, wanda a ganina shi ne ginshiƙin zaɓen baki ɗaya. Kwali ɗaya na harsasai 25 na bindigar farauta mai lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bakin bututunta) ya haura kilo guda. Namijin fezant, wanda shi kaɗai aka yarda a harba, yakan kai kilo ɗaya da ɗoriya, kuma a farkon lokacin farauta ana ba ka damar ɗaukar biyu a rana a Minisota, uku a Dakota ta Kudu. Ka ƙara ruwan sha da ɗan abinci, za ka ga kayan sun tasam ma kilo biyar ko shida, kuma da su za ka yini kana tafiya a ƙasa. Rigar yadi ta gargajiya tana ɗora wannan nauyi duka a kafaɗu, sai tsuntsayen da ke aljihun baya su riƙa jan wuyan rigar suna shaƙe maƙogwaro. Mai maɗauri ta fi ta sakat da shan iska, ana kuma iya sassauta ta a ɗora kan rigar sanyi. Mai ɗamara ita ce ke sauke nauyin a ƙugu, kamar yadda zanen goyo ke raba nauyin yaro a jikin uwa, shi ya sa na fi ba da shawararta ga duk wanda zai yi doguwar tafiya, ko da yake ta fi tsada.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada ta da kaya a ciki. Ka je shagon sanye da rigar sanyin da za ka shiga daji da ita, ka zuba kwalaben ruwa biyu ko uku a aljihun baya, ka ɗan zagaya. Sannan ka ɗaga hannuwa kamar mai saita bindiga, ka lura da wurin da gindin bindiga zai zauna a kafaɗarka. Idan akwai ƙarfen maɗauri ko soso mai kauri a daidai wannan wuri, ajiye ta, domin zai kama gindin bindigar a lokacin da kake da daƙiƙa biyu kacal kafin tsuntsu ya yi nisa. Ka duba ko za ka iya cusa tsuntsu cikin aljihun baya da hannu ɗaya ba tare da ka tuɓe rigar ba, ka kuma tabbata aljihun yana da shafi na roba da ake buɗewa a wanke jini da gashi. Ga Musulmi akwai ƙarin buƙata: tsuntsun da ka iske da sauran rai yanka shi za ka yi nan take, saboda haka ka nemi ƙaramin aljihu mai zif a gaba, inda hannunka zai kai ga wuƙa ba tare da lalube ba.

Tambaya: Mahaifina yana da tsohuwar rigar farauta ta auduga da aka shafe da kaki irin na kyandir, ƙirar kamfanin Filson. Tana da nauyi, kuma ina so in yi farauta da kare. In ci gaba da amfani da ita ko in sayi ta nailan?

Amsa: Kamfanin Filson ya fara aiki a birnin Siyatil tun 1897, kuma yadinsa mai kaki ya yi suna wajen jure ƙaya da kaushin ciyawa. Idan ɗinkin bai saki ba, a sake shafa mata kaki, kada kuma a jefa ta cikin injin wanki, domin sabulu da ruwan zafi suna cire kakin. Aibinta shi ne ba ta shan iska, don haka a ranakun farko na kaka, lokacin da rana ke da zafi, za ka jiƙe da gumi. Ta fi dacewa da Nuwamba da Disamba.

Batun kare shi ne zai sa in ce ka ƙara da ta nailan mai ɗamara. Karen farauta yana gudun da ya ninka tafiyarka, zafi kuma yana iya kayar da shi tun kafin kai ka ji gajiya, saboda haka yawancin ruwan da za ka ɗauka nasa ne. Ka zaɓi riga mai mazaunin kwalba biyu a gefen ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu don nauyi ya daidaita, da wani aljihu na bandeji da ɗan hantsakin cire ƙaya daga tafin ƙafarsa. Ta mahaifinka kuwa ka adana ta don ranakun sanyi da gajeriyar fita kusa da mota.