Ga mai son canza bututun iskar motarsa alhali garanti bai ƙare ba

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce ka ciro mota mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) sabuwa dal daga wajen dila a nan Legas, saura kusan shekara biyu garantinta ya ƙare, kana so ka cire akwatin iskar da ta zo da shi ka ɗaura buɗaɗɗen bututun nan mai matata kamar mazurari, wanda 'yan gayu ke ce wa cold air intake. Kuma wani ya tabbatar maka cewa doka ta hana kamfani soke garanti a kan haka.

Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai ba dokarmu ba ce. Dokar Amurka ce ta 1975, Magnuson-Moss, wadda ta ce ba a soke wa mutum garanti don kawai ya sa kayan da ba na kamfani ba, sai an nuna cewa kayan ne suka jawo lalacewar. Masu bidiyon motoci a YouTube a kanta suke tsaye, kuma yawancinsu a can suke zaune. Mu nan muna da dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018 da hukumar FCCPC, jihar Legas ma tana da tata, LASCOPA, ana kai musu ƙorafi. Amma abin da za a fara buɗewa shi ne ɗan littafin garantin da aka ba ka ranar da ka karɓi makulli. Na yi shekaru ina harkar mota tsakanin kasuwar motoci ta Berger da ta kayan gyara ta Ladipo, ban taɓa riƙe irin wannan littafi ba face na ga an rubuta cewa duk ɓarnar da ta samo asali daga yi wa mota kwaskwarima ko sa kayan waje, babu ruwan kamfani.

Ka lura, ba wai garantin gaba ɗaya ke tashi ba. In gilashin ƙofa ya daina hawa ko rediyo ya mutu, ba mai hankalin da zai ɗora wa bututun iska laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne injin da turbo, wato daidai wurin da kuɗin yake. Duk abin da ya samu waɗannan biyun, da an ɗaga bonet an ga baƙon bututu, an samu hujja, kai kuma sai ka koma neman yadda za ka wanke kanka.

Ni ganau ne. Wata shekara ina da mota da nake ji da ita, na sa mata irin wanda ake zura matatar can ƙasa, bayan bamba, don ta shaƙi iska mai sanyi. Ƙarar da take yi in na taka a gadar Third Mainland da asuba, wallahi har yau ina tunawa. Sai damina ta kankama, watan Yuli, na biyo hanyar Lekki zuwa Ajah bayan an tafka ruwa. Ruwan bai kai rabin taya ba, ƙananan motoci na ta wucewa. Wata tifa ta zo ta gefena ta turo igiyar ruwa, motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Wautar da na ƙara ita ce sake murza makulli. Iska tana matsuwa a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka da fistin ya taso ya tarar da shi, sandar da ke tura shi ce ta lanƙwashe. A wajen dilan, injiniyan bai ma yi doguwar magana ba, waya ya ciro ya ɗauki hoton bututun. In faɗi gaskiya, ko da akwatin asali ne garanti ba ya biyan ɓarnar ambaliya, wannan aikin inshora ne. Amma akwatin asali a sama yake shan iska, da shi ne da na wuce kamar sauran mutane. Ga shi su ma masu inshorar ban sanar da su na canza komai ba, sai da muka kai ruwa rana.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta zuwa da hayaniya. Yawancin waɗannan matatun na auduga ne da ake shafa wa mai. In yaron bakanike ya wanke ya zabga man, sai ya bi iska ya dafe na'urar da ke auna yawan iskar da ke shiga injin. Ko faɗin bututun ya bambanta da na asali, awon ya karkace. Kwamfutar motar ta riƙa ba da fetur ƙasa da bukata, fitilar injin ta kama, a jona na'ura a ga lambar matsala P0171 ko P0101. Sannan ga ƙurar hunturu da ta manyan motoci a hanyar Apapa. Matatar da ta fi sakin iska, sau da yawa ta fi sakin ƙura, turbo kuma fukafukansa ba sa shiri da yashi.

Ribar fa? In ba a taɓa kwamfuta ba, ƙarfin da za ka ƙaru da shi kaɗan ne, kunne ya fi ƙafa jin sa. Wanda matatarsa ke buɗe a cikin bonet ma, a gosulon Ikorodu Road iskar zafin injin yake zuƙa. Shi ya sa mai sayarwa zai ce maka a haɗa da sake tsara kwamfuta, to nan ne kake yin bankwana da garantin injin. Volkswagen da Audi har alama gare su, TD1, da ake liƙa wa motar a rumbun kamfani da zarar na'urarsu ta gano an taɓa. Maida tsarin asali kafin ka je sabis ba lallai ya ɓoye sawun ba.

Na ga wasu masu sharhi a ƙarƙashin tambayarka suna cewa sun sa babu abin da ya faru. Ku duba, galibinku tokumbo kuke ja. Garantin Amurka, ko na Toyota mai shekara 3 ko mil 36,000, ko na BMW mai shekara 4 ko mil 50,000, ba kasafai yake tsallako teku da motar ba, balle wadda aka sayo a gwanjon motocin haɗari. Ba ku da abin asara, shi mai tambayar yana da shi.

Ni dai da ni ne, zan haƙura shekara biyun nan. In ran ya ƙi, ka tambayi dilan ko kamfanin da kansa yana da irin kayan da ya amince da su, kamar M Performance na BMW, su ɗaura maka da hannunsu, a rubuta a takardar sabis, ba maganar baki ba, don wanda ya ce maka ba komai yau, gobe ƙila ya bar aikin. Kuma akwatin asalin, kar ka bari yaran gareji su kai shi Ladipo. Ka sa shi a buhu da duk kusoshinsa ka ajiye a gida, ranar sayar da motar mai saye zai tambaye ka.