Tambaya da Amsa: Lambobi na canzawa, allon waya ya ƙi bi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa manhajar Android da harshen Kotlin, tana karɓar ƙarfin wutar batirin sola ta Bluetooth sau 20 a daƙiƙa. Na ɗaure lambar da allo ta hanyar Data Binding, amma wani lokaci lambar ba ta motsi sam, wani lokaci kuma allon sai ya riƙa sandarewa. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Ciwo biyu ne ke damun manhajarka, kowanne da maganinsa.

Rashin motsin ya fi sauƙi. Allo ba ya sanin abu ya canza sai an sanar da shi. Idan ka ajiye lambar a "var" zalla, za a karanta ta sau ɗaya, shi ke nan. Sai ka saka ta cikin LiveData ko StateFlow, wato ma'ajin da ke sanar da allo idan abin da ke cikinsa ya canza, a cikin ViewModel, ajin da ke riƙe bayanan shafi. Ko ka yi hakan, akwai layin da mutane suka fi mantawa: binding.lifecycleOwner = viewLifecycleOwner, a cikin onViewCreated. In babu shi, ɗaurin ba zai sa ido a kan canji ba, kuma manhajar ba za ta ce maka komai ba. Nan za ka fara dubawa. Sannan kada ka miƙa wa android:text lamba tsirara. Idan Int ce, wato cikakkiyar lamba, Android zai ɗauka lambar wani rubutu ce da ke ajiye, ya neme shi ya rasa, manhajar ta faɗi. Mayar da ita rubutu tun a ViewModel, kamar "12.6 V".

Sandarewar ce ke son nutsuwa. Wayoyi da yawa suna sake zana allo sau 60 a daƙiƙa, wato kowane zane yana da milisakan 16 da ɗoriya. Zare guda (thread, wato layin da manhaja ke gudanar da aiki a kai) ne ke wannan aiki, babban zare, kuma shi ke amsa taɓawar yatsa. Duk abin da ka ɗora masa, kamar fassara saƙon Bluetooth ko rubutu a rumbun bayanai, cin lokacin zane yake yi. In ya riƙe taɓawar mai waya har daƙiƙa 5, Android zai fito da saƙon cewa manhajar ta daina amsawa. Don haka kai fassarar saƙon wani zare dabam, sakamakon kawai za ka turo gaba.

A nan akwai tarko. Daga zaren baya, wato wancan zaren dabam, ba a kiran setValue na LiveData, manhajar faɗuwa take yi. Sai dai a kira postValue. Amma idan ka kira postValue sau uku kafin babban zare ya samu sarari, ta ƙarshe kaɗai za ta isa. Ga nuni a allo wannan daidai ne, har ma shi ake so. Ga adana tarihin batiri kuwa asara ce, domin za ka rasa awo ba ka sani ba. Ka adana kowane awo a Room, rumbun bayanai na Android, tun daga zaren baya, kafin ka aika wa allo.

A ganina, sau 20 ɗin ma ba na idon mutum ba ne. Babu mai karanta lamba tana rawa haka. Sa sample(250) a kan kwararar bayanan (Flow na Kotlin), ta zama sau 4 a daƙiƙa. Bayan ka mayar da lambar rubutu, ƙara distinctUntilChanged, yadda 12.61 da 12.63 duk za su zama "12.6 V" kuma ba za a taɓa allo sau biyu ba. Ba akwatin rubutun faɗi tsayayye maimakon wrap_content mai bin tsawon rubutu, don kada kowane canji ya sa a sake auna maƙwabtansa.

Idan batura da yawa kake jerawa, bar notifyDataSetChanged mai sake zana jerin duka, koma ListAdapter da DiffUtil, masu taɓa abin da ya canza kawai. Kowane lokaci ka miƙa wa submitList sabon jeri ta toList(); in ka gyara tsohon jerin ka sake miƙa shi, za a ɗauka babu abin da ya canza.

Ka kuma tuna da batirin wayar kanta. Yi amfani da stateIn tare da SharingStarted.WhileSubscribed(5000): daƙiƙa 5 bayan mutum ya bar shafin kwararar za ta tsaya, amma juya waya gefe ba zai katse ta ba.